Yayan Luba

Alƙahira, Masar
Watan Janairu

Zuwa ga Hajiya Lauratu, Mandawari.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar jika ga kakarsa, da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar da aka ce tana damun ki? Allah Ya ƙara sauƙi. Ni nan lafiya lau, sai sanyi da kewar gida.

Bari in tuna miki ko ni wane ne, don rabona da ke tun ina sakandare. Ni ne Muhammad Auwal, ɗan Binta ta Sheshe, jikan marigayi Malam Baffa wanda kuke 'ya'yan wa da ƙani da shi. Ƙanwata Luba ce ta gaya mini kunnenki ya yi nauyi, ba kya son doguwar magana a waya, wai duk abin da ya isa magana a rubuto miki shi. To ga shi na rubuto, ita za ta fitar da shi a takarda ta kawo miki.

Hajiya, ina aiki a wani situdiyo a nan, muna yin fim ɗin zane, wanda yara ke ce wa katun. Kwanaki aka ce kowa ya kawo labarin da yake ganin ya isa a yi masa fim. Ni ban yi wani dogon tunani ba, na tashi na ba su labarin littattafanki huɗu, Kifaffen Birni. Na gaya musu yadda aka haƙi ƙasa aka gina Kano, ramin ya zama kududdufi, a ƙasansa kuma wani birni ya tsiro a kife, wanda duk ya shige shi sai ya manta sunansa. Na gaya musu yadda Auwalu ya nutsa ya shiga don ya karɓo inuwar ƙanwarsa Jamila da aka sace. Kafin in kai ƙarshen littafi na biyu shayinsu ya huce ba su sani ba.

Maigidan situdiyon ya yarda, ya ce ni zan ja ragamar aikin. Abin da ya rage shi ne izininki. Ga zane-zanen farko nan na haɗo. Ba yabon kai ba, na san zan iya, kuma babu wanda zai riƙe miki amanar labarin nan kamar ni.

Jikanki,
Auwalu

Mandawari, Kano
Watan Fabrairu

Zuwa ga maigidana na Masar.

Wa alaikumus salam. Gwiwa da sauƙi, in dai ban hau matakala ba. Tuni da kake yi mini kuwa ɓata tawada ne. Ni ce na riƙe ka ranar sunanka kana ta tsala ihu, ka jiƙa mini sabon zani. Miji ke nan da ya tafi Masar ya bar ni ba ko sabulun wanka, sai da buƙatarsa ta taso ya tuna yana da mata a Mandawari. Na yafe.

Na duba zanenka da gilashi, na sake dubawa ba gilashi. Hannunka yana da kyau, wannan ba zan ɓoye maka ba. Amma ka daɗe ba ka gida. Katangunka sun miƙe sambal kamar an ja su da rula, alhali ginin ƙasa yana da ciki, kuma sawun hannun magini yana nan a jikinsa. Ruwan kududdufi ka yi shi shuɗi. A ina ka taɓa ganin shuɗin kududdufi? Kore ne, da kainuwa a kansa, da agwagin mutane. Sannan Inna Kande, uwar Auwalu, ka tsuke mata ƙugu kamar 'yar tsana. Matar da ta haifi shida, take tuƙa tuwon gida guda. Ka mayar mata da jikinta.

Izini na ba ka, da zuciya ɗaya. Na san fim ba littafi ba ne, ba za ka iya kwashe littafi huɗu ka zuba a zama ɗaya ba. Ka rage, ka haɗe, aljanin da ya yi maka yawa ka sallame shi, ba zan yi kuka ba, wasunsu ma don in cika shafi na saka su. Sharaɗina guda ne. Shafin ƙarshe nawa ne, kada ka taɓa shi.

'Yata Uwani ce za ta ɗauki hoton takardar nan ta turo maka. In ka ga ta karkace, hannunta ne, ba rubutuna ba.

Kakarka,
Lauratu

Alƙahira
Watan Yuni

Hajiya Kaka,

Assalamu alaikum. Ina fatan gwiwa ta saki, damina kuma ta sauka lafiya. Ni lafiya, sai dai ido ya gaji da kallon kwamfuta.

Katanga ta yi ciki, ruwa ya zama kore, Inna Kande ta samu jikinta har da ƙari. Abokan aikina sun sha wahala a kan kainuwa, amma yanzu in kin gani sai kin ji kamar warin kududdufin zai taso miki. Muryoyi kuma a Kano ake ɗauka, a wani ɗakin ɗaukar murya da ke titin gidan Zoo, Luba ce ke kai-kawo.

Muryar Inna Kande na roƙi Umma ta yi, kuma ta yarda bayan Luba ta sha magiya. Ba ni da wata muryar a kunnena sai tata. Ita ta karanta mana littattafan nan a tsakar gida muna yara. Wani abin dariya, duk inda ta zo kan sunan jarumin sai ta ce "yaron nan". Yaron nan ya nutsa, yaron nan ya ja takobi. Sai da na iya karatu na ɗauki littafin da kaina, sannan na ga ashe sunana ne take tsallakewa, saboda kunyar ɗan fari. Da yake Inna Kande ma ba ta faɗin sunan nata, aikin ya zo wa Umma daidai.

Yanzu ga maganar da nake ta kewayewa. Na san sharaɗinki, amma ki saurare ni. A littafi, Auwalu yana ƙasan ruwa, ƙofar birnin na rufewa, ya manta ko shi wane ne, ba zai fito ba sai wani na sama ya kira shi ya gane kiran. Uwarsa ce kaɗai a bakin kududdufin. Sai ta ce, "Yayan Jamila, taho gida, tuwo na hucewa," shi kuma ya fito. A takarda wannan ya yi daɗi. A fim kuwa, bayan duk wannan tashin hankali, mai kallo yana jiran abin da zai girgiza shi. Don haka na sa ta ɓare baki ta ƙwala kiran sunansa, karo na farko a rayuwarta. Uwa ta karya al'ada don ta ceci ɗanta. Da na nuna wa mutanen nan har da mai share hawaye.

Ba canza labarinki na yi ba, Hajiya, buɗe masa baki na yi. Na tabbata in kin gani za ki ce ke ma haka kika so rubutawa. Ina jiran amsarki.

Auwalu

Alƙahira
Watan Agusta

Hajiya Kaka,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ki. Na jira amsa har na gaji, kuma na san ki, da ba ki yarda ba da tuni kin wanke ni tas da alƙalami. Don haka na ɗauki shirunki a kan kin amince, kina dai jin nauyin ki ce jika ya fi ki gani.

Mun gama zana wurin. Bakin Inna Kande kaɗai ya ci mana makonni, don kowane motsin leɓe sai ya dace da sunan. Muna so mu kai fim ɗin wani bikin fina-finai a ƙarshen shekara, maigida ya riga ya ba da sunanmu. Na tura wa Luba shafin ƙarshen, za ta kai Umma ta ɗauka cikin makon nan.

Ki shirya atamfar zuwa kallo.

Auwalu

Ƙofar Ruwa, Kano
Watan Agusta

Muhammad Auwal,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, tunda ka tambaya a layi ɗaya ka wuce. Ruwan sama ya kayar da bangon bayan ɗakina, Allah Ya sa ina maƙwabta wajen barka. Uwani ta kwaso ni zuwa gidanta, takardunka biyu kuma suna can Mandawari a hannun masu gyara, sai jiya aka kawo mini su tare. Shirun da ka fassara ke nan. Wanda ya damu da ni da ya tambayi Luba ko ina raye.

Ban amince ba. Raina ya ɓaci, kuma ba a kan littafi kawai ba.

Luba ta zo ta gaya mini abin da ya faru. An zaunar da Binta, an sa mata abin ji a kunne, an miƙa mata takarda, ga samari uku a bayan gilashi suna kallon bakinta. Ta karanta har ta iso kan layinka. Ta tsaya. Yaron da ke ɗaukar muryar ya ce, "Hajiya, ki ɗaga murya ki kira shi kawai, fim ne ai." Ta cire abin kunnen ta ajiye a hankali, ta gyara hijabinta, ta fita ta tari adaidaita sahu. Tun ranar ba ta yi wa kowa zancen ba, Luba ta ce ko abincin kirki ba ta ci.

Kai ka san ba ta faɗin sunan nan. Mai kayan miyan ƙofar gidanku Auwalu ne, shekara da shekaru "mai tumatir" take ce masa. Ka san haka, ka zaɓe ta, ka ɓoye mata shafin sai da ta zauna a gaban baƙi. Ba don masu kallo ka rubuta wannan wurin ba. Tarko ka ɗana wa uwarka, ka fake da littafina.

In aka bar wurin yadda ka yi shi, na janye izinina, ka cire sunana da na littafina. Ka san ba na faɗin abin da ba zan yi ba.

Lauratu

Alƙahira
Watan Satumba

Hajiya,

Assalamu alaikum. Na yi miki jajen bango, Allah Ya kiyaye gaba. Na ji kunyar rashin tambayarki, ki yi haƙuri. Na kira Umma, ta ɗauka, ta tambayi lafiyata da ko ina cin abinci, ta miƙa wa Luba wayar kamar yadda ta saba.

Kin ce tarko. Ni ban kira shi haka ba, amma ba zan yi miki musu ba. Akwai wani abokin aikina a nan da teburinsa ke kusa da nawa. Kullum da rana uwarsa sai ta kira shi, ina jin muryarta ta cikin wayar tana jera sunansa kamar waƙa. Shi har ƙosawa yake yi. Ni na haura talatin, Hajiya, ban san yadda sunana yake fita daga bakin uwata ba. Luba tana hawa cinyarta har ta yi wayo, ni in na shigo ɗaki sai ta kau da kai. Na san al'ada ce, na san bayaninta, zan iya yi wa Balarabe lacca a kai. Sanin bai hana abin ci mini rai ba. Na so in ji sau ɗaya, ko da a bakin Inna Kande ne, in ajiye abina.

Kuma har yanzu ina ganin wurin ya fi ƙarfi a yadda na yi shi. Yaran yanzu ma ba su san wannan kunyar ba. In na sake zana shi, bikin bana ya wuce mu, kuma ni ne zan tsaya gaban maigida in ce masa aikin da na rantse a kansa a zubar. In kuma kin janye, babu fim ɗin gaba ɗaya. Ki ba ni dalilin da ya fi "haka na rubuta". In kin ba ni, zan bi.

Auwalu

Mandawari
Watan Oktoba

Maigida,

Wa alaikumus salam. Na dawo ɗakina, bango ya tashi, warin ɗanyar ƙasa ma daɗi yake yi mini. Gwiwa tana nan da halinta. Na karanta takardarka, ban san abin yana ci maka rai haka ba, kuma na ji tausayinka.

Ban ce kunyar ɗan fari aya ce ba. Uwani gatsal take kiran sunan nata, ban taɓa hana ta ba. Amma Inna Kande ba Uwani ba ce, Binta ma haka. Ni kaina nawa ɗan farin ya rasu da furfura a gemunsa ban taɓa faɗin sunansa ba, kuma ya tafi ya san matsayinsa a wurina.

Ka nemi dalili, ga shi. Wani jajibirin Sallah mun shiga Kasuwar Kurmi ni da Binta za a saya maka hula. Kana ɗan ƙarami, Luba tana goye. Muna ciniki, muka juya babu kai. Ka san Kurmi ranar jajibiri, ko allura ka jefa ba za ta kai ƙasa ba. Na fara ƙwala kiran sunanka, 'yan kasuwa suka taya ni, layi ya ɗauka, Auwalu, Auwalu. Wani mai takalma ya amsa. Wani tela ya leƙo ya ce ga shi. Har wani dattijo mai jan gemu ya ce lafiya ake neman sa? Rabin 'ya'yan farin Kano sunanka gare su. Kai kuwa ashe kana ƙarƙashin teburin wani mai ƙore, ihun ya tsorata ka, ka ɗauka duka za ka sha, ka ƙara shigewa ciki.

Binta ba ta yi ihu ba. Ta bi layin a hankali tana cewa, da muryar da take kiran ka cin abinci, "Yayan Luba, taho mu tafi gida." Sai ga ka ka rarrafo, duk ka yi buɗu-buɗu. Ba ta rungume ka ba, gaskiya ne. Ta share maka hanci da bakin mayafi ta ce mu tafi. Amma goyon Luba ya kwance, ta yi ta ƙoƙarin ɗaurawa ta kasa, sai ni na karɓi yarinyar har gida.

Daga ranar na samo ƙarshen littafina, tun ban rubuta farkonsa ba, kuma sunanka na ba jarumin da gangan. Yaron da ke ƙasan ruwa ya manta sunansa, to in an kira sunan me zai gane? Sunan kowa na faɗa, liman ya faɗa, malamin makaranta ya faɗa, mai binsa da faɗa ya faɗa. Kiran da mutum ɗaya tak ke yi masa a duniya shi ne zai ratsa ruwan ya same shi. Kai ka zauna kana jiran ta ba ka abin da kowa ke ba ka.

Ban tsaya nan ba. Na je Sheshe da sandata, na ce wa Binta ta tashi mu je, layin littafi za ta karanta, in wani ya ce mata uffan ni da shi. Muka je. Aka sa mata abin kunnen, aka kunna mata hoton kududdufinka, ta ga yaron yana nutsewa. Ka yi ruwan da kyau, har ni sai da gabana ya faɗi. Aka yi mata alama. Ba ta ko dubi takardar ba, ta ce, "Yayan Luba, taho gida, tuwo na hucewa."

Mai ɗaukar muryar ya ce, "Hajiya, Jamila ne a rubuce." Ta ja hijabi ta rufe fuska. Da ta huce aka sake, ta faɗa daidai, Yayan Jamila, tsaf kamar mai karanta labarai a rediyo. Yaron zai goge na farkon na ce in ya taɓa shi sai na karya masa yatsa.

Duka biyun Luba za ta turo maka. Na biyun na fim ne. Na farkon naka ne.

Kakarka,
Lauratu

Alƙahira
Watan Oktoba

Hajiya Kaka,

Assalamu alaikum. Barka da komawa ɗaki. Ni lafiya.

Na saurara. Ban tuna Kurmi ba ko kaɗan, amma muryar na san ta, har na miƙe daga kujera ban sani ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba.

Na je na sami maigida na ce masa wurin da na rantse a kansa za a sake. Bai ji daɗi ba, ya faɗi maganganu, na tsaya na shanye. Bikin bana ya wuce mu. Akwai na baɗi, kuma da abin da ya fi wannan za mu je.

Sai dai ina neman izinin taɓa shafinki na ƙarshe, wannan karon a gabanki, kuma ba zan motsa ba sai na ga amsa da rubutunki. Na biyun da Umma ta yi daidai ne, amma karatu ne. Na farkon nake so a fim ɗin. Hakan na nufin ƙanwar jarumin ta tashi daga Jamila ta koma Luba tun daga farko har ƙarshe, a sake ɗaukar duk inda aka ambace ta. Aiki ne, amma zan iya. Zan zo Kano in tsaya a kansa da kaina. Ki tambayar mini Umma ko ta yarda, don ba zan sake yi mata shigar sauri ba.

Jikanki,
Auwalu

Mandawari
Watan Nuwamba

Maigida,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Wannan canjin na yarda, da ma Jamilar ba ta taɓa zauna mini a baki ba. Luba kuwa tun da ta ji take yawo da kai a sama, wai ta shiga fim.

Na je Sheshe na karanta wa Binta takardarka, na tsallake inda ka sa hannu. Ta ce in dai ba za a sake zaunar da ita gaban gilashin nan ba, a yi yadda aka ga dama. Sai ta tashi ta hau kwashe shanya, alhali kayan ba su bushe ba. Har na sa takalmi zan fita, ta biyo ni zaure, tana kallon bango ta ce wai Yayan Luba ya faɗi ranar da zai sauka? Tana so ta kai niƙa da wuri.

Ka rubuto mini ranar, ni zan kai mata.

Kakarka,
Lauratu